Tambaya da Amsa: Uwargida Ta Ce Ba Ta Zaman Garin Kada

TAMBAYA

Ni mutumin ƙasar Buza ne, na daɗe ina bida a Abijan. Sana'ata albasa, irin ta Galmi da ta Madawa da manyan motoci ke saukewa. Alhamdu lillahi yanzu hannu ya ɗan kama, shi ne nake so in ɗauko iyalina da yara uku mu zauna wuri ɗaya, don zaman shekara a kurmi, wata guda a gida, ya ishe ni haka nan.

To uwargida ta ƙi. Wata ƙawarta ta tura mata bidiyo a WhatsApp, ga kada yana tafiya tsakiyar unguwa har ya kai ƙofar wani gida, aka ce mata wai Abijan ne. Ta kuma ji labarin kadojin Yamusukuro da suka cinye mai ba su abinci. Ta ce ita ba ta kai 'ya'yanta garin da kada ke yawo a titi. Na ce to bari in gina mata a gida, tunda an yi mani tayin wani fili da araha wajen danginta a ƙasar Keita, kusa da baraji. Sai ga tsohuwarta ta aiko cewa barajin ma an ce an ga kada a ciki.

Malam, ni dai ban taɓa ganin kada da idona a Abijan ba, amma ba zan iya rantsewa babu ba. Ɗakunan da ƙarfina ya kai kuwa yawancinsu kusa da ruwa suke, don su ne masu sauƙin haya. Ka ba ni shawara tsakani da Allah. Wace irin unguwa zan nema? Filin can kuma in saya ko in bari?

Daga mai karatu, ɗan Buza mazaunin Abijan.

AMSA

Allah ya sa wa nema albarka, ya haɗa kan iyali.

Kar ka yi wa uwargida dariya, kar kuma ka yi mata rantsuwa a kan abin da ba ka da tabbas. Macen da ta tashi a yankinku na Adar, ruwan da ta sani shi ne na rijiya da na ƙorama mai zuwa da safe ta wuce kafin la'asar, aka ce ta kwashi 'ya'ya ta koma birnin da ruwa ya ratsa ta kowane gefe, dole hankalinta ya tashi. Uwa ce, aikinta ke nan. Inda nake ganin ta ɗan kauce shi ne ta zuba wa ƙaramin haɗari ido ta bar babba. Akwai kada a Abijan, gaskiya ne. Amma ruwan da yake zaune a ciki ya fi shi kashe mutane nesa ba kusa ba, kuma duk gidan da ya tsare ka daga ruwan ya riga ya tsare ka daga kadan.

Bari mu fara da bidiyon. Da yawa daga irin waɗannan hotuna da ke yawo a wayoyi, na dabba tana ratsa titi ko tana kwance a ƙofar gida, daga Amurka suke fitowa, musamman jihar Fulorida. Can akwai wani ɗan'uwan kada da ake kira aligeta, an kiyasta sun kai wajen miliyan 1.3 a wannan jiha kaɗai. Mutanen wurin sun gina unguwanninsu a kan fadamun da aka janye wa ruwa, suka haƙa tafkuna a tsakanin gidaje, don haka dabbar da mutum suke maƙwabtaka. Wannan dabba babu ita a dajin Afirka. Daga kudu maso gabashin Amurka sai 'yan ƙalilan a ƙasar Sin. Ka karɓi bidiyon ka duba da kyau. In bakin dabbar faffaɗa ne, zagayayye a gaba, jikinta baƙi-baƙi, kuma in ta rufe baki haƙoran ƙasa ba sa fitowa, to ta Amurka ce. Kadanmu bakinsa ya fi tsukewa, kuma ko ya rufe shi akwai babban haƙori na ƙasa da ke leƙowa waje. Ka dubi ginin gidajen da lambar motocin ma. Kai da ka san Abijan, kallo ɗaya ya ishe ka.

Labarin Yamusukuro kuwa ba ƙarya ba ne. A shekarar 2012 kadojin tafkin fadar tsohon shugaban ƙasa Félix Houphouët-Boigny suka kashe dattijon da ke kula da su, wani ɗan ƙasar Mali da ya shafe shekaru sama da 30 yana ba su abinci. Allah ya jiƙansa. Sai dai a faɗa wa uwargida sauran labarin. Tafkin haƙa shi aka yi, kadojin kiwonsu ake yi, kuma mutumin shiga yake yi tsakiyarsu a gaban 'yan kallo. Garin ma yana da nisan fiye da kilomita 200 daga Abijan. Darasin da ke ciki, wanda zai yi maka amfani wajen zaɓen gida, shi ne kadan da ya saba samun abinci daga hannun mutum ya daina tsoron mutum. Shi ya sa a Fulorida ɗin doka ta hana ba su abinci.

Yanzu Abijan kanta. Birnin yana zaune ne a bakin tafkin Ebriye, wanda tsawonsa ya haura kilomita 100, yana bin gaɓar teku. Tireshbil da Markori da Kumasi a kan tsibiri suke cikin tafkin, Por-Buwe kuma tana tsakanin tafki da teku. Kadoji suna cikin wannan ruwa tun kafin a kafa birnin, kuma lokaci zuwa lokaci ana ganin ɗaya a bakin gaɓa ko cikin babbar magudanar ruwa, 'yan kwana-kwana da ma'aikatan gandun daji su zo su ɗauke shi. Irin na yammacin Afirka ne, wanda binciken masana na shekarar 2011 ya nuna jinsinsa daban yake da na kogin Nilu da gabashin Afirka. Bai kai wancan girma ba, bai kai shi faɗa ba. Shi ne wanda mutanen Paga a arewacin Gana da na Bazule a Burkina Faso suke zaune da shi a tafkin gari ɗaya, har baƙi suna zuwa kallo. Duk da haka ba abin wasa ba ne, kuma yaro ɗan shekara huɗu bai fi ƙarfin ko matsakaicinsu ba.

Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne sanin halinsa. Kada ba ya bin unguwa yana neman mutum. A tudu jikinsa nauyi gare shi, ɗan gudun da yake yi gajere ne, kuma yawanci ruwa yake nufa. Duk ƙarfinsa yana bakin gaɓa, a 'yan takun nan da ke tsakanin ruwa da ƙasa. Nan yake lafewa, ido da hanci kawai a waje, yana jiran abin da zai sunkuyo. Yana da haƙuri, kuma yana riƙe al'ada. In ya ga kullum da magariba ana zuwa wuri ɗaya wanke tukwane, ko akuya tana shan ruwa a mashaya ɗaya, zai koyi lokacin ya koyi wurin. Farautarsa ta fi yawa daga faɗuwar rana zuwa asuba. Da hantsi kuma yakan fito ya kwanta shan rana, don jikinsa ba ya yin ɗumi da kansa. Ta mace takan tsare ƙwanta kusan wata uku a gaɓa, a lokacin ta fi zafi. Inda ake zubar da hanjin kifi da jinin yanka da mushen kaji cikin ruwa, nan yake tarewa. Saboda haka ɗakin da ke bayan mahauta ko kasuwar kifi, ƙofarsa na kallon tafki, ko kyauta aka ba ka kar ka sa yara a ciki.

Kuma ba ya ɓoyuwa ga mai lura. Inda yake hawa da sauka za ka ga laka ta yi sumul, ga sawun ƙafafu a gefe biyu, ga layin jela a tsakiya. Da dare in ka haska fitila a kan ruwa idanunsa suna mayar da haske ja. Masunta sun san duk wannan. In ɗaki ya yi maka kuma yana kusa da ruwa, ka bar dillali a bakin titi, ka gangara wurin masu kwalekwale da matan da ke wanki, ka gaishe su ka tambaya. Su ba su da la'ada a cinikin.

Duk da haka, ɗan'uwa, in ka ce in jera maka abubuwan da za su iya taɓa 'ya'yanka a ɗakin bakin ruwa, kada can ƙarshe zai zo. Ƙasarku ta Buza da Madawa ruwan shekara yakan tsaya tsakanin milimita 350 da 500. Abijan tana samun sama da 1,500, kuma babban rabonsa yana zuba ne daga Mayu zuwa Yuli. A daren 18 ga Yuni 2018 ruwan sama ya kashe kusan mutum 20 a birnin, kuma inda abin ya fi muni har da Ribiyera a Kokodi, unguwar masu hali. A Yuni 2020 ƙasa ta zabtare a Anyama ta danne gidaje, mutum fiye da 10 suka rasu. Kusan kowace damina sai an ji irin wannan a gangaren Atekube da makamantansu. Ka tambayi kanka sau nawa ka ji kada ya kashe mutum a Abijan tun zuwanka, sau nawa kuma ka ji ruwa ya ci mutane.

A nan ne nake ganin kai ɗan Adar kana da ilimin da ɗan birni ba shi da shi, in dai ba ka bar shi a tasha ba. Kun san ƙorama. Kun san rairayin da ke bushe ƙamas da safe yana iya zama ruwa mai tafiya da raƙumi kafin azahar, ko da ɗigo bai sauka a garinku ba, don can bisa duwatsu aka yi ruwan. Ba wanda zai shimfiɗa tabarma ya kwana cikin ƙoramar Majiya a watan Agusta. To Abijan cike take da ƙoramu, sai dai an lulluɓe su da siminti da kwalta da rumfuna. Da wannan idon za ka je neman ɗaki. In ka tsaya a ƙofar gidan, ka dubi inda ƙasa ta karkata. Ruwan unguwar sama ta ina yake bi? In amsar ita ce ta nan, ka wuce.

Ka shiga ɗakin da rana, ka duƙa ka dubi bango daga ƙasa. Ruwan da ya taɓa kwana a ɗaki yana barin layi, fenti ya kumbura ya ɓare daga nan zuwa ƙasa, ƙofar ƙarfe ta yi tsatsa a gindi, ta katako ta ruɓe. In ka ga an yi sabon fenti iya gwiwa kawai, ka tambayi dalili. Ka leƙa ɗakunan maƙwabta. In kowa ya gina ɗan bango a bakin ƙofa sai an ɗaga ƙafa a shiga, in gadaje da firji suna kan bulo, sun ba ka amsa ba tare da sun buɗe baki ba. Ka dubi bayan gida: ramin yana cika ya dawo tsakar gida da damina? Ka dubi kwatar ƙofar gida, a buɗe take ko a rufe, zurfinta nawa. Yaron da ya taso yana wasa cikin rairayin Buza bai san kwata mai zurfin mutum ba, kuma in ta cika ta haɗe da titi ko babba ba ya gane bakinta. Wannan kwatar ta fi ba ni tsoro a kan 'ya'yanka fiye da duk kadojin tafkin Ebriye.

Lokacin dubawa ma yana da muhimmanci. Ɗakin da ka gani a Janairu ba shi ne za ka gani a Yuni ba. In da hali, kar ka biya kuɗin ajiya da na watannin gaba sai ka je wurin washegarin babban ruwa. In ba ka iya jira, ka nemi ɗan gida da ya yi damina biyu ko uku a layin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sarkin Hausawan unguwa da limamin masallacin da kuke salla za su haɗa ka da wanda zai faɗa maka gaskiya.

Ba zan ce maka unguwa kaza lafiya lau take ba, don kowace unguwa tana da tudunta da kwarinta. Abobo da Ajame da babban ɓangaren Yopugon a kan tudu suke, sun fi Kumasi da Por-Buwe nisa da ruwan tafki, amma cikinsu akwai ramuka da gangare masu haɗari. Abin nema shi ne tudu shimfiɗaɗɗe: ba gindin gangare ba inda ƙasa za ta zubo maka, ba leɓen gangare ba inda za ta zame da kai. Akwai kuma wani dalili na guje wa bakin ruwa da gangare. Su ne wuraren da hukuma ke rushewa. Boribana da ke bakin tafki da Gesko sun ga katafila a farkon 2024, iyalai da yawa suka kwana a waje da kayansu. Arahar ɗakin bakin ruwa bashi ce, wata rana za a biya. Gara ɗaki ɗaya da falo a tudu, ko da za ka ƙara kuɗin mota zuwa kasuwa, da ɗaki uku a fadama.

Sai sauro. A gida zazzaɓi yana da lokacinsa, daga tsakiyar damina zuwa kaka. A kurmi ba ya hutu. Gidan sauro ga kowane yaro tun daren farko, kuma ka san asibitin da ya fi kusa kafin su iso.

Mu koma gida, wajen filin Keita. Adar ba ƙasar kada ba ce a yau. A Nijar inda aka san shi sosai shi ne kogin Kwara da rassansa na gandun dajin W, irin su Tapowa da Mekuru. Yana buƙatar ruwan da ba ya ƙafewa, ko aƙalla rami mai danshi da zai fake a ciki da rani, shi ya sa 'yan kaɗan suka saura a tafkunan duwatsu na Muritaniya da Ennedi a Cadi. Da can ƙasar nan tasa ce. A Gadufawa cikin Tenere aka tono ƙasusuwan wani dangin kada da ya rayu shekaru wajen miliyan 110 da suka wuce, kansa kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi, yana nan a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, in kun bi ta can ka kai yara su gani. Duwatsun Adar ɗin ma, wanda ya fasa su ya san akwai ɓawon halittun ruwa a ciki, shaidar cewa teku ta taɓa rufe wurin. Amma barajojin ƙasar Keita na jiya-jiya ne. Yawancinsu aikin Furojen Keita ne da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da hannun FAO, wanda iyayenmu mata suka ɗauki duwatsunsa a ka, ana biyansu da abinci. Ruwan sama suke tarewa, ba su haɗe da wani kogi mai gudu shekara duka ba, da yawa kuma suna ja baya sosai ko su ƙafe kafin bazara.

Sau da yawa abin da ake gani a ce kada ne, guza ne ko tsari. Babban tsari yana iyo da kyau, yana kai tsawon mutum, daga nesa kuma sai a rantse. Bambancin a bayyane yake: shi yana da dogon wuya da ƙaramin kai, yana fitar da harshe mai baki biyu, yana hawa itace. In kuwa da gaske wani ya kawo kada ya saka, ba zai ɓoyu ba. Makiyaya za su gan shi kwance a gaɓa da hantsi lokacin sanyi, awaki za su fara ɓata a mashaya. Ka sa a tambayi makiyaya da masu kamun kifi a wurin, in sun tabbatar a sanar da ma'aikatan gandun daji. Ka faɗa wa tsohuwa haka cikin ladabi, don ita ma jikokinta take ji.

Tambayar da zan so ka yi ita ce me ya sa filin yake da araha. Kakanninmu a Adar sun kafa garuruwansu a gindin duwatsu da kan tudu, suka bar kwari ga gona da garka, kuma ba don rashin son inuwa ba ne. Damina ta 2024 ta tuna mana dalili: mutum fiye da 300 suka rasu a faɗin Nijar, waɗanda abin ya shafa suka haura miliyan ɗaya, jihar Tawa tana cikin waɗanda suka ji jiki, kuma gidajen ƙasa da ruwa ya kwanta a gindinsu su ne suka fara zubewa. Ka je da ƙafarka ka ga filin. Yana ƙasan bangon barajin? Yana kan hanyar da ruwa ke malala in barajin ya cika? Yana cikin inda ruwan ke kaiwa a shekarar da aka yi damina mai yawa? Tsofaffin garin za su nuna maka iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa, sau da yawa da itace ko dutse suke gane ta. Baraji yana cika da laka shekara bayan shekara, in cikinsa ya cike kuma ruwan gefe yake bazuwa, don haka iyakar da aka sani da can ba lallai ita ce ta bana ba.

Lakar nan ita ce ke riƙe ƙafar yaro in ya shiga wanka, kamar yadda kududdufin da aka haƙa don tubali ke cin yara kowace damina. Ruwan kwance kuma shi ne gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, ciwon nan da ke sa yara fitsarin jini har wasu suna ɗauka alamar girma ce. Ciwo ne, yana lalata mafitsara a hankali, kuma akwai maganinsa a asibiti. Uwa ba za ta iya tsare yara uku daga ruwan da ke bayan danga ba, ga daka ga girki ga ɗiban ruwa, kai kuma kana Abijan.

Shawarata ke nan. Ka nemi ɗaki a tudu, ka gan shi da damina, ka ɗauki hoton layin da ƙofar gidan da makarantar da ke kusa ka tura wa uwargida, ka nuna mata da idonta nisan wurin da tafki. In ta yarda ta zo ta yi wata biyu ta gani kafin a yanke magana, ya fi a ja ta da ƙarfi. Filin Keita kuwa kar ka biya sai wani naka ya gan shi a Agusta. In ya tabbata a kwari yake, bai dace da gida ba, amma ƙasar da ke kusa da baraji ruwanta ba nisa, kai kuma ka san kuɗin buhun albasa a inda ake sauke ta. Ka saye shi don garka in ka tabbatar ba burtali ba ne, ba kuma filin hukuma ba, a yi takardar ciniki gaban mai gari da shaidu, a kai ta kwamitin filaye da ake kira Kofo a buga mata hatimi. Gidan kuma ka gina shi cikin gari, a tudu, kusa da danginta.